Hawan Tula da Giya Ɗaya

Ranar Laraba na kai ta garejin Babayo a Kumo,
tana tari, tana tofar da baƙin hayaƙi,
akori-kurar da Baffa ya bar mini
tare da bashin taya biyu
da ƙofar da ba ta rufuwa sai an sa gwiwa.

Na ce, Babayo, ƙara mata ƙarfi.
Injin casa zan ja zuwa Tula,
tan biyu da rabi har da tirelarsa.
Lamela ya ba da rabin kuɗi, saura sai na sauke.
Sa mata tabo irin na yaran zamani,
buɗe mata famfon mai ta sha ta ƙoshi.

Bai tanka ba.
Ya kafa sukundireba a murfin inji,
ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido
kamar mai laɓe a ƙofar da ake gulmarsa.
Silinda ta uku ƙarya take yi, in ji shi.
Tsohuwa ba gudu take nema ba, numfashi.

Kwana huɗu ina zaune kan matacciyar taya.
Ya zare nozul huɗu, ya jiƙa a kalanzir,
ya duba feshin kowanne a hasken rana.
Ya saita bawul da 'yar rezarsa mai lamba,
ya matso da tayimin gaba, kaurin farce,
ya mai da shi baya kaɗan, ya ce, nan.
Daga lagireto aka fid da laka kwano biyu,
ta duk rafin da Baffa ya taɓa tsayawa ɗiba.
Sabon fanbel. Sabon kuloci.
Ganyen sifirin biyu a baya.
Mai walda ya ɗaure ƙugiyar ja a ƙashin motar,
ba a bamba ba, inda ni na so.

Kuɗin tabo kuwa, birki ya cinye su tas.
Na tashi tsaye. Na ce ja na zo nema,
wa ya aike ka tsayawa?
Ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce,
Kaya in ya ga tudu, shi ma ja yake yi.

Asubar Litinin na wuce Billiri,
na sha kwana a Kaltungo, hanya ta ɗaga kai.
Giya uku ta ƙi. Biyu ta yi ta gurnani.
Na sa ɗaya.
Wani yaro da akuyarsa suka jera da ni,
har ya tambaye ni ko da ruwan sha.
Allurar zafi ta hau rabi ta zauna,
ina kallonta, tana kallona.

A kwanar da dutse ya toshe ido
sai ga shanu, sun fi talatin, sun cika kwalta.
Na taka.
Na ji tan biyu da rabi sun kama mini ƙugu
suna kirana baya, inda kwari ya buɗe baki.
Ƙafata na rawa. Motar ba ta motsa ba.
Ko taƙi ɗaya.
Na ƙirga ƙahoni har na ƙarshe ya wuce,
na saki kuloci sannu, kamar mai ajiye jariri ya yi barci,
ta yi nishi, ta ɗauka.

Lamela ya ce na makara da awa guda.
Na ce haka ne.

Da na komo Kumo na kai wa Babayo zakara.
Ko kallonsa bai yi ba.
Ya ce in bar ta a kunne, ya sa kunne,
ya daɗe, sannan ya gyaɗa kai:
Ta ukun ta tuba.

Ƙofar dai har yau sai da gwiwa.
Ya ce wannan kar in gyara,
in bar wa Baffa abu ɗaya da zai gane ta da shi.